Mukhtari da Allon Bakin Tasha

Shekarar da aka sake buɗe boda, Illela ta cika da baƙi har ta rasa inda za ta sa su. Ran Lahadi, ranar kasuwa, motoci sai sauke mutanen Ƙwanni da na Tawa suke yi, kowa ya diro da tambaya a bakinsa. Ina mai gyaran rediyo? Ina ake cin abinci? Ina masu ɗori? Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan shi ne Lawwali mai faci, don rumfarsa ce a bakin tasha, duk wanda ya sauka shi yake fara gani. Wata Lahadi ya yi ta nuna hanya har kafaɗarsa ta yi tsami, bai liƙe taya ko ɗaya ba. Washegari ya kai kuka ga ƙungiyar ci gaban gari.

Ƙungiya ta zauna a makarantar firamare, ta yanke shawarar a kafa babban allo a bakin tasha. A rubuta sunan kowane mai sana'a, a zana hoton sana'arsa saboda waɗanda ba su karanta boko, a yi kibiya mai nuna hanya. Kyauta za a sa kowa, masu rubutun ma aikin sa kai za su yi. Malam Jibril hedimasta ya ɗaga hannu, Lawwali ya ɗaga, ya kuma ce zai ba da aron tsaninsa. Sai aka ji wani ya yi gyaran murya daga baya.

Mukhtari ne. Dogo ne siriri, mai yawan gyara hula. Ya taɓa yin rani ɗaya a Kaduna yana riƙe wa wani mai fenti tsani, tun daga nan bai sake kama wata sana'a ba, sai ba da labarin waccan. Gidansa kuwa man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matarsa Lubabatu ne ke riƙe da shi.

"Jama'a, ku hutar da kanku," in ji shi. "Duk wani rubutun da kunka gani bayan tirela, in ba hannuna ba ne, to na wanda na koya wa ne. Ni fenti ko ido rufe na san launinshi da wari."

Aka sa shi na uku. Da yake gidansa mai shuɗiyar ƙofa ya fi kusa da tasha, aka ce fenti da buroshi da tsani su riƙa kwana a zaurensa.

Makon farko komai ya tafi daidai. Malam Jibril ya yi rubutu, Lawwali ya ja kibiyoyi, Mukhtari ya tsaya ƙasa yana gaya musu inda suka karkace. Baƙi suka riƙa tsayawa su duba su wuce, ciniki ya buɗe wa duk wanda sunansa ya hau. Mukhtari ya lura da wannan sosai. Ran nan yana cin tuwon rana sai ya ajiye loma, ya dubi matarsa.

"Lubabatu, kin san da wa kike zaune?"

"Da wanda bai sawo itace ba."

"Bar zancen itace. Baƙo bai san kowa ba garin ga sai wanda allo ya nuna mishi. Allo kuwa bai san kowa ba sai wanda anka rubuta. Buroshi yana ina?"

"Yana zaure, kaji na kwana kanshi."

"To daga yau kina auren Edita Janar."

Ta ce Allah shi sanya alheri, ta ɗauke kwanon.

Da Abu mahauci ya fara. Sunan Abu yana can ƙasan allo, inda awaki ke soshe jikinsu. Mukhtari ya je tukubarsa ya tsaya yana girgiza kai kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Abu, na duba lamarinka. Ka yi ƙasa ƙwarai."

"Ai hedimasta ya ce bin haruffan sana'a anka yi."

"Haruffa suna da mai su. Ana iya ɗaga mutum sama, a yi mishi hoto babba."

"Da mi?"

"Kyauta, Abu. Aikin sa kai muke yi. Sai dai shi buroshi, in an gaishe shi ya fi tahiya."

Kafin la'asar cinyar rago ta isa gidan Mukhtari. Washegari ya hau tsani ya goge mai gyaran agogo daga layin farko, ya rubuta ABU SARKIN NAMA, ya zana rago a gefe. Ya ja masa baki dogo, kunnuwa a tsaye, wutsiya a murɗe sama. Da ya ga ƙahon bai zauna ba sai ya shafe shi, ya ce ai akwai raguna marasa ƙaho.

Lahadin da ta biyo, baƙi suka riƙa zuwa daidai tukubar Abu su tsaya nesa, su leƙa, su ce a'uzubillahi, su wuce. Har azahar bai yanka wa kowa tsoka ba. Wani tsoho ne daga Lafani ya matso ya yi masa nasiha a hankali, ya ce duniya ba wurin zama ba ce. Abu ya bi bayansa har gindin allo, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Daga nan ya wuce gidan Mukhtari da wuƙarsa a ɗamare.

"Mukhtari, mi ne ne wancan?"

"Rago."

"Kare ne."

"Balami ne, irin na ƙasar Sudan. Ba ka yi yawo ba, shi ya sa."

"Yara na tsayawa gabanshi suna haushi!"

"Yara ba su san zane ba. Amma in kana son a ƙara mishi ƙaho, wannan gyara ne, gyara kuwa gaisuwarshi daban."

Abu ya shafa ƙotar wuƙa, ya tuna yana da iyali, ya aiko da hanta. Aka ƙara wa dabbar ƙaho biyu. Mutanen gari suka ce yanzu kam ya zama kare mai ƙaho.

Duk da haka labari ya bazu cewa sama ana hawanta. Masu sana'a suka fara sallama a zauren Mukhtari, wannan da goro, wancan da ƙwaryar fura, wani da yadin shadda. Sunaye suka riƙa hawa da sauka kamar guga. Tela ya kwana a sama ya wayi gari a tsakiya, don wani telan ya kawo zabo. Mai ɗori bai kawo komai ba, sai aka mayar da shi ƙarƙashin masu gyaran keke, Mukhtari ya ce ai duk ƙafa ce. Malam Jibril da Lawwali suka zo karɓar kayan aiki, suka tarar da kwaɗo a ƙofar zaure.

"Malam Mukhtari, ba haka ƙungiya ta ce ba," in ji hedimasta. "Mu uku anka sa."

"Haka ne, Malam. Ku biyu kuna nan cikin kwamiti. An ɗaga ku zuwa masu ba da shawara."

"Wa ya ɗaga mu?"

"Kwamiti."

"Yaushe kwamiti ya zauna?"

"Jiya, bayan na ci abinci."

"To ba ni tsanina," in ji Lawwali.

"Tsani na bakin aikin jama'a. Kana son a ce kai ka hana garinku ci gaba?"

Suka tafi suna cewa sai taron ƙungiya na gaba. Taron kuwa bai yiwu ba, don rabin 'yan ƙungiyar sun riga sun gai da buroshi, ba wanda ke son a tono zancen.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Inna Tasalla mai tuwo, wadda rumfarta ke bayan tasha tun kafin a haifi rabin direbobin. Mukhtari ya je ya zauna a bencinta, ya ci malmala biyu da miyar kuka, ya wanke hannu, ya miƙe.

"Inna, an ci an gode. A sa cikin lissahin allo."

"Wane allo? Ɗan nan, allo na cin tuwo?"

"Inna, sunanki na hannuna hwa."

"Sunana na bakin duk wanda ya taɓa jin yunwa garin ga. Ajiye hularka nan, in ka kawo abin tuwo ka ɗauka."

Haka Edita Janar ya ratsa tasha kai ba hula, 'yan kamasho na yi masa barka da shan iska. Da yamma ya hau tsani ya goge TASALLA MAI TUWO. A wurin ya zana buta, ya rubuta BAN ƊAKI, ya bar kibiyar yadda take.

Ran kasuwa Tasalla tana tsakar kwashe tuwo sai ga wani bawan Allah ya taho da sauri, buta a hannu, yana taka ƙasa a hankali. Ya yi sallama ya tambayi ƙofar shiga. Kafin ta gane, ga na biyu, ga na uku. Wani direba ya raɗa mata abin da ke allo. Tasalla ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ajiye mara ba.

"Bayin Allah, an matsar da shi," ta ce. "Ku bi wanga lungu, gida mai shuɗiyar ƙohwa. In maigidan ya ce ba nan ba ne, kada ku kula, haka yake yi wa kowa. Ku dai shige."

Mukhtari yana zaure yana karɓar gaisuwar wani mai sayar da katifa, sai mutane suka fara wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya tare na farko, mutumin ya ce an riga an gaya masa, ya kauce ya shige. Lubabatu ta fito daga ɗaki ta ga layi a tsakar gidanta, har wani na tambayar ko akwai ruwa.

"Malam, su wa ke nan?"

"Baƙin ofis ne."

"To ofishin ya cika. Ka zo ka yashe shi."

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Mukhtari kuwa abin da ya gano shi ne kibiya tana da ƙarfin kawo mutum har cikin gida, saura kawai a kawo mai amfani. Ya hau allo ya buɗe sababbin layuka. MAI GYARAN REDIYO: MUKHTARI. DILLALIN SHANU: MUKHTARI. TAFINTAN FARANSANCI: MUKHTARI. Ainihin masu waɗannan sana'o'i ya ce an dakatar da su sai an gama bincike.

Wani mutumin Ƙwanni ya kawo rediyo mai kama tasha biyu, yana son ta kama uku. Mukhtari ya kwance ta a kan tabarma, ya hura kowane ƙarfe, ya mayar. Abin da ya ragu a waje ya cika gwangwani. Rediyo ta yi shiru.

"Ba ta magana," in ji mai ita.

"Tana hutawa. In ka ƙetare boda za ta kama, iskar nan ce ba ta saba da ita ba."

"Waɗannan na gwangwani hwa?"

"Su ne ke hana ta kama ta ukun."

Sai kuma Jaɓɓo, wani Bafulatani daga wajen Darna, ya bi kibiya da bijiminsa har ƙofar gida. Mukhtari ya zagaya bijimin, ya buɗe masa baki ya leƙa, ya ce a bar shi nan, masu saye na tafe daga Ikko. Ya ɗaure shi a jikin dangar maƙwabci. Bijimi ya cinye dangar, ya shiga tsakar gida ya cinye ƙuli-ƙulin da Lubabatu ta shanya, ya kwanta a bakin zaure ya hana kowa shiga da fita. Kullum Jaɓɓo zai zo ya tsuguna ya jingina da sandarsa.

"Dillali, mutanen Ikko sun iso?"

"Suna hanya."

"To. Nagge ma na gida, in suna so."

Ana cikin haka sanarwa ta zo cewa Kantoman ƙaramar hukuma zai zo ran Lahadi ya ga aikin sa kai da mutanen Illela suka yi, tare da wani babban baƙo daga hukumar ƙetaren boda. Mukhtari ya ce ai dama ya san labarinsa zai kai sama. Ya yanke shawarar zana hoton Kantoma a ƙololuwar allo, da sunansa shi mai zanen a ƙasa, don in za a ba da muƙami kada a sha wahalar nema.

Da hantsi ranar ya ƙetare bijimi, ya fito da tsani, ya hau can sama ya zauna a kan allon kamar mai hawan jaki, gwangwanin fenti a hannu. Yana sunkuye yana ƙarasa hular Kantoma, Lawwali ya fito daga rumfarsa, ya ɗauki tsaninsa ya saɓa a kafaɗa.

"Kai Lawwali! Ina za ka da shi?"

"Gida. Kwamiti ya zauna."

"Yaushe?"

"Yanzu, da na sha hura."

Kafin Mukhtari ya sami amsa, jiniya ta tashi. Landirobar Kantoma ta tsaya, 'yan sanda suka buɗe hanya, kasuwa duk ta taso. Kantoma mutum ne gajere mai kauri, ba ya dariya ba ya fushi. Ya sauko da baƙonsa, wani dogo mai tabarau, suka tsaya gaban allo. Ya fara karatu daga ƙasa, a hankali, har idonsa ya kai sama ya tarar da ƙafafu biyu na lilo.

"Wane ne wannan?"

"Edita Janar, ranka shi daɗe!" in ji Mukhtari daga sama. "Na hau ne don in tarbe ka da girma."

"Wancan da ke ƙarƙashinka fa?"

Kowa ya ɗaga kai. Hoton yana da baki dogo da kunnuwa a tsaye. Abu mahauci ya matso gaba, ya rusuna.

"Ranka shi daɗe, ni dai na gane shi. Ragona ne anka sa wa hula."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, ɗan sanda ya juya, mutumin ya mayar da ita tari. Kantoma ya sake duban hoton, ya karanta abin da aka rubuta a gefensa, wato muƙaminsa shi kansa da manyan baƙaƙe. Ya sauke ido kan layin tafinta.

"Ashe kana jin Faransanci. To ga baƙonmu, yi masa maraba."

Mukhtari ya gyara zama, fenti ya ɗiga a kafaɗar wani ɗan sanda.

"Bonzur, mushe! Dakor! Sefa, sefa, kilomita! Wi!"

Baƙon ya yi wata doguwar magana da Faransanci, ya ƙare da alamar tambaya.

"Me ya ce?" in ji Kantoma.

"Ya ce, ranka shi daɗe, bai taɓa ganin allo irin wanga ba ko a Faris, kuma ya kamata a ba mai shi mota."

Baƙon ya cire tabarau ya goge, ya ce da Hausa tatacciya, "Cewa na yi, wanga bawan Allah, in ya hwaɗo, wa ke da asara?"

Nan kasuwa ta fashe da dariya. Ba a gama dariya ba masu ƙara suka yi layi ba wanda ya kira su. Mai rediyo ya girgiza gwangwaninsa. Mai ɗori ya ce mako uku ke nan ana kawo masa kekuna. Teloli biyu suka faɗi abin da kowannensu ya kai, suka gano zabon ɗaya ya fi na ɗaya girma, suka kusa kamawa da kokawa. Jaɓɓo ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, tambaya ce, ko cikin manyan baƙin nan akwai mutanen Ikko. Inna Tasalla ta zo ƙarshe, ta nuna butar da ke allo da mara, ta nuna rumfarta. Sai ga Lubabatu da lulluɓinta, ta ce ita ba ta san shari'a ba, amma in hukuma na ƙwace buroshi, a haɗa da bijimi.

Kantoma ya saurari kowa. Ya ɗaga kai.

"Kana da abin cewa?"

"Ranka shi daɗe, duk wanda ya yi fice sai an yi mishi hassada. Ni ban roƙi kowa ba. Buroshi sunka gaisar."

"To buroshin zai mayar wa kowa abinsa, ta hannunka. A kawo tsani da farar ƙasa."

Gaban jama'a Mukhtari ya shafe allon tas, ya fara da hoton sama bisa umarni. Sannan Kantoma ya ce tunda an ɓata wa baƙi jagoransu, kafin ƙungiya ta sami fentin sake wani, wanda ya ɓata shi zai tsaya a gurbinsa. Kowace ranar kasuwa Mukhtari ya tsaya gindin allo, duk baƙon da ya tambayi wuri ya kai shi da ƙafarsa har ƙofa, kyauta, ko ruwa kada ya karɓa. Aka sa wani kofur ya riƙa lura.

Ƙungiya ba ta yi gaggawar neman fenti ba. Mutane sun ga sabon tsarin ya fi, don wannan jagoran ana iya zaginsa in ya ɓatar da mutum. Cinikin Abu ya dawo, Jaɓɓo ya sayar da bijiminsa a kara, kasuwar shanu, ya fi yadda ya kawo shi ƙiba, Lawwali ya koma liƙe tayoyinsa ba mai katse shi.

Wata Lahadi da rana tsaka, Mukhtari ya dawo daga rakiya ta ba adadi, silifa ɗaya ya tsinke, ya jingina da farin allo yana haki. Wani dattijo ya sauko daga mota da buhun gero, ya dube shi.

"Kai ne jagoran?"

"Ni ne, Baba. Gwamnati ta gwada katako ta ga bai iya ba, shi ne ta roƙe ni."

"Madalla. Gidan Katta za ni, wurin ɗiyata."

"Baba, Gidan Katta ai ba cikin gari take ba. Wannan wajen hurumina ne."

Kofur, wanda ke zaune a inuwar rumfar faci yana cin gyaɗa, bai ko ɗago ba. "Duk inda baƙo ya tambaya, haka anka ce."

Mukhtari ya dubi rana, ya dubi hanya, ya dubi dattijon da ya riga ya dafa ƙugu yana kallon buhunsa. Ya tuɓe silifan ya soke a aljihu, ya sunkuya, Lawwali ya taimaka ya aza masa buhun a ka.

"Lawwali," ya ce daga ƙarƙashin gero, "in wani babba ya zo nemana, ka ce mishi na fita rangadi."